Garin da Ba Sa Haƙa Kabari

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha shayin karak ɗina da daɗin rai ba. Duk Juma'a in mun haɗu a Muntaza, nan cikin Doha, bayan an sauko, sai wani ya taɓo ni: "Sabi'u, yaya Amurka? Da gaske ne a bola suke zubar da firji sabo fil?" Malam Bashiru na Kumasi har cewa ya yi wai na yi ƙiba. Ƙibar me, Malam? Kumburin zaman jirgi ne. To yau zan zazzage muku komai, daga nan khalas, shi ke nan, kada wanda ya sake tambayata. Amma ku sani ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Kabarin yayana na je nema.

Yaya Lawal shi ne babba a ɗakinmu. Ya tafi Amurka karatu tun ina firamare a Funtuwa, karatun bai ƙare ba, ya koma tuƙin tasi a New Orleans, birnin da ya fi kowanne girma a jihar Louisiana. Can ya auri wata baƙar fata Kirista mai suna Loreta. Inna ba ta so ba, amma ba ta taɓa cewa uffan ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Shekarar da korona ta shigo, ina kulle a ɗakin direbobi na gidan kafil ɗina, wato uban gidana, a unguwar Mu'aizar, ba shiga ba fita, sai ga saƙon murya daga wata mace tana kuka da Turanci. Na saurara sau ba adadi kafin na yarda da abin da kunnena ya ji. Ni kaɗai na yi zaman makokina a kan katifa, ina amsa gaisuwa ta waya. A Funtuwa ma an shimfiɗa tabarmi, an yi addu'a, babu wanda ya ga gawa. Muka ce an yi masa sutura, Allah ya jiƙansa, muka rufe maganar.

Gasar cin kofin duniya ce ta tono ta. Kun tuna yadda garin nan ya cika, ko Larabci ba ka ji a titi. Kafil ɗina, Abu Nasir, ya ba da aron ni ga wani ɗan'uwansa mai jigilar baƙi. Ran nan na ɗauko wani ƙaton Ba'amurke daga filin wasa, ya lafta wa fuskarsa fenti ja da shuɗi, ga surutu kamar rediyo. Da ya ce daga Louisiana yake, sai na ce ai yayana yana kwance a New Orleans. Ya ce, "Ayya, sannu. A wane ɗakin suka sa shi?" Na ce ɗaki kamar yaya? Ya ce ai su can ba sa haƙa rami, ƙasar duk ruwa ce, gini suke yi a sama su zura mutum ciki. Wallahi saura ƙiris in hau kan shataletale da motar mutane.

Na gaya wa ƙanwata Rabi, na ce kada ta gaya wa Inna. Kafin la'asar Inna ta ji. Ta daina cin abincin kirki. Da na kira, ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Ba a ƙasa ɗan'uwanka yake ba? To ina ya kalla?" Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce, "In Allah ya ba ka hanya ka je ka gani da idonka, zuwa da kai ya fi saƙo. In a sama yake, ka sa a sauko da shi a sa shi a ƙasa kamar ɗan Musulmi. Kuma kada ka yi mini ƙarya, na san muryarka."

Hanyar ta zo ta inda ban zata ba. Bayan gasar da 'yan watanni ciwon ƙodar Abu Nasir ya tashi, aka ce sai Houston, kuma ana buƙatar mai tura masa keke. Su suka nema mini biza. Tsohon nan kun san shi, faɗa a bakinsa kamar tasbihi, amma da na gaya masa abin da ke raina sai ya ce, "Yalla. In an kwantar da ni ka je, ka dawo kafin su sallame ni."

Jirgin nan, jama'a, ba tafiya ba ce, zaman kaso ne. Rana ta ƙi faɗuwa, muna bin ta tana gudu, har na rasa azahar nake bi ko la'asar. Da muka sauka kuma sai ga wani ma'aikaci da kare, ɗan ƙarami mai dogayen kunnuwa. Duk jakunkunan duniya ya wuce su, sai tawa ya zo ya zauna a gabanta. Kilishi ne a ciki, na Funtuwa, wanda Rabi ta aiko mini tun da daɗewa na ɓoye don in kai wa matar yaya tsaraba. Ma'aikacin ya ɗaga shi sama da safar hannu ya ce mene ne wannan? Na ce nama ne. Ya ce ba ya shiga. Ina ji ina gani ya jefa shi a kwandon shara, karen kuwa har ya gama shinshine mini darduma. Haka na shiga Amurka, hannu rabbana, da darduma mai buƙatar wanki.

Daga Houston bas na hau. Sanyin na'urar cikinta ya fi na masallatan nan, na duƙunƙune cikin rigar sanyin da ɗan Abu Nasir ya ba ni. Bayan mun shiga Louisiana sai ƙasa ta ƙare. Gada ce kawai a kan ƙafafu, ta miƙe ba iyaka, hagu ruwa dama ruwa, itatuwa tsaye a ciki har gwiwa. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce cike yake da kada, kuma suna cin naman. Na ce a raina, to fa. A nan ne na ga Ba'amurken nan ba zolayata ya yi ba. Ina za a haƙa rami a wannan wuri?

Loreta tana jirana a tasha. Doguwa ce, ta fara furfura, da tabarau. Tana hango ni na taho sai ta toshe bakinta da hannu biyu. Ta ce tafiyarmu ɗaya, har yadda nake karkata kafaɗa. Sannan ta haɗa ƙarfinta ta ce mini da Hausa, "Sannu da zuwa, ƙanina." A karkace ta faɗa, amma na ji Yaya Lawal a ciki, don shi kaɗai ke jan "sannu" ɗin nan haka. Na kau da kai ina gyara jakar da ba ta buƙatar gyara.

A hanyar gida na ga abin da ya faranta mini rai na ɗan lokaci. Itatuwan bakin titi duk an rataye musu carbi, kore da rawaya da shunayya, har kan wayar lantarki. Na ce, "Anti, ashe unguwar Musulmi ce?" Ta dube ni, ta dubi itatuwan, sai ta fashe da dariya har ta taka birki. Wai sarƙar wasa ce ta roba, da ake watsa wa jama'a a bikinsu na shekara, wanda ake sa dodon fuska ana rawa a titi. Dariyar ba ta daɗe ba. Ta ce a irin wannan bikin ne yayanka ya kwashi koronar, yana ta jigilar baƙi, a lokacin ba wanda ya san abin ya shigo gari.

Gidanta siriri ne dogo, ɗaki na bin ɗaki, an ɗora shi a kan tubala saboda ruwa. Na ce mata a al'adarmu ba zan kwana gida ɗaya da ita ba mu biyu, ta ce ta sani, ai ta riga ta gyara mini wuri a gidan kawunta da ke jikin nata. Da ta kawo abinci na yi ta jujjuya cokali ina leƙe, kun san tsoronmu. Ta ce, "Ci abinka. Tun ranar da na auri Lawal alade bai sake shiga tukunyata ba, kuma har yau ban iya komawa ba." Na kai loma, sai na tsaya. Miyar kuɓewa ce, jama'a, da kaza da jatan lande, a kan shinkafa. Suna ce mata gambo. Ta ce bayi ne suka zo da irin kuɓewar daga wajenmu. Washegari Litinin ta dafa wake da shinkafa, wai duk garin haka ake ci ran Litinin tun zamanin da ranar wanki ce, mace ta ɗora wake ta tafi bakin baho. Ba don babu mai da yaji ba da na ce garau-garau ne.

Kawun nata, Baba Rene, tsoho ne mai malfa da haƙorin zinare ɗaya. Sana'arsa keken alfadari, yana zagayawa da baƙi tsohon gari yana ba su labari. Ni dai maƙabarta nake so, amma Loreta ta ce sai ta taso daga aiki. Daga baya na gane jan ƙafa take yi. Haka tsohon nan ya ɗora ni kusa da shi, ya ce, "Ɗana, rabin abin da zan gaya maka ƙarya ne, amma na daɗe ina faɗa har na manta wanne rabin."

Ya ce Faransawa ne suka kafa garin, suka ba Sifaniyawa, suka karɓe, sannan suka sayar wa Amurkawa da ƙasar baki ɗaya, ba wanda ya tambayi mutanen da ke ciki. Ya kai ni bakin kogin Mississippi, ya nuna mini yadda jirgin ruwa ke wucewa sama da kan titi, don garin a kwari yake kamar akushi. Ya ce mutanen farko sun gwada haƙa kabari, da damina ta zo akwatunan suka taso suna yawo a unguwa, wasu har ƙofar gidajensu suka koma. Ya ce a cikin fadamar da na ratso akwai mutumin da ke rikiɗa ya zama kerkeci, yana bin waɗanda suka karya azuminsu na Kirista. Na ce ai mu ma muna da masu rikiɗa kura, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce zai ƙara a cikin labarinsa. Ya nuna mini ta bayan katanga inda wata shahararriyar matsafiya take kwance, mutane na zuwa su yi zane a jikin kabarinta suna roƙon buƙata. Na yi a'uziyya.

Amma da muka zo wani fili mai manyan itatuwa sai ya tsayar da alfadarin, wasan ya bar muryarsa. Ya ce a nan bayi suke taruwa ran Lahadi, rana ɗaya da ake sakinsu, su yi kiɗa su yi ciniki. Ya ce garin nan ya yi kasuwar bayi da babu kamarta a ƙasar, ana raba uwa da ɗa kamar yadda ake raba tunkiya da ɗanta. Kakar kakarsa, in ji shi, wainar shinkafa take soyawa tana talla a ƙofar coci, da ita ta fanshi kanta, kuma ita ta fara gina musu ɗakin kabarin dangi don kada a sake raba su. Ya dube ni ya ce, "Wa ya sani, ko daga garinku aka kamo ta." Sannan ya kaɗa alfadarin muka wuce.

Da yamma muka tafi mu uku. Maƙabartar tana da katanga da ƙofar ƙarfe, ciki layi-layi kamar unguwa, ƙananan ɗakuna farare, wasu da gicciye a kai, wasu da gumaka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne mace ce ke gaba tana nuna hanya, alhali Inna ko kabarin mahaifinmu ba ta taɓa gani ba. Nasu bai fi rumfar mai gadi ba, fari tas. Loreta ta ce duk shekara ita ke shafa masa farar ƙasa, ranar da dangi ke zuwa gaida matattunsu da furanni. A gaban ginin akwai farin dutse da sunaye, na Faransanci, tun na da can da suka fara gogewa. Can ƙasa na ga an sassaƙa Lawal Sani, a gefe kuma an rubuta Funtua. Na durƙusa a gaban dutsen.

Da na samu kaina na miƙe na isar da saƙo. Na ce, "Anti, Inna ce ta aiko ni. Mun gode da ɗawainiya, amma muna so a fito da shi a kai shi inda Musulmi ke binne nasu, a sa shi a ƙasa." Loreta ta dubi kawunta. Baba Rene ya cire malfarsa.

Ya ce, "Ɗana, ba ka san yadda abin yake ba. Wurin akwati ɗaya ne a ciki. In an sa mutum sai a toshe da bulo, zafin garin nan ya yi aikinsa. Bayan shekara ɗaya da kwana ɗaya, in wani ya rasu a dangi, sai a buɗe, a cire katakon, abin da ya rage a tura shi baya ya gangara ramin da ke ƙarƙashi, inda kowa yake. Ƙanwata, uwar Loreta, ta bi yayanka bayan shekara da 'yan watanni. Ita ce a sama yanzu. Shi yana ƙasa tare da su duka, kuma a can ƙasa babu yadda za ka ce wannan na wane ne."

Na ce innalillahi. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, rabi Hausa rabi Turanci. Na ce, "Kun tura shi? Yayana, mai salla, mai azumi, kun tura shi baya kamar shara? Ba wanka, ba likkafani, ba salla? Ba Musulmi ko ɗaya a garin nan?" Na faɗi abin da ya fi haka, ba zan maimaita ba.

Loreta ba ta yi kuka ba, ta bari na gama. Ta ce, "Ranar da ya cika ina asibitin nan ni ma, da robar iska a hancina, hawa biyu tsakaninmu. Ba su bari na gan shi ba. Masallacin da yake zuwa a rufe yake, Kawu ya je ya buga ƙofa, ya kira waya, ba kowa. Gawa ta yi yawa a garin, suka ce a ƙona shi, ya fi sauƙi, kowa haka yake yi. Lawal ya taɓa ce mini, ko me za a yi kada a bari wuta ta taɓa shi. Daga kan gadon nan na yi faɗa da 'yan'uwana ta waya, don sun ce ɗakin na jini ne, bare bai taɓa shiga ba. Na ce in bai shiga ba ni ma kada a sa ni." Ta dafa dutsen. "Ban san naku ba, Sabi'u. Abin da nake da shi mafi daraja na ba shi."

Kunya ta kama ni, baƙin cikin kuma bai ragu ba ko kaɗan. Na ce a ba ni ruwa. Baba Rene ya kawo gorar da ake ban furanni, na yi alwala a gefen hanya. Na buɗe waya in nemi alƙibla. A gida gabas muke kallo, a nan Doha yamma, a can kuwa sai allurar ta nuna tsakanin arewa da gabas, ginin ma gaba ɗaya a karkace yake da ita. Na tsaya yadda ya samu, na yi masa kabbara huɗu ni kaɗai, ba sahu a bayana. Yayyafi ya fara. Sai da na yi sallama na ga Loreta tsaye nesa kaɗan, ta miƙo hannu ta riƙe mini lema, ita tana jiƙewa.

Muna fitowa muka ci karo da jana'izar wasu. Masu busa da ganguna a gaba, mutane na rawa da lema da farin hankici, wai sun kai mamaci sun dawo, suna yi masa rakiyar farin ciki. Loreta ta ce ta so a yi wa Lawal haka, amma lokacin an hana taro. Na ce a raina gara da aka hana. Sai ta ƙara da cewa ranar Kawu ne kawai da mai toshe bulo.

Na yi ta juya abin da zan gaya wa Inna. Ƙarya tana da sauƙi: an sa shi a ƙasa, na gani, shi ke nan tsohuwa ta ci abinci. Da safe kafin in koma tasha na zauna a dakalin gidan Loreta na kira Rabi, na ce ta kai wa Inna waya. Da na ji numfashinta sai ƙaryar ta gudu. Na gaya mata duka, da ɗakin, da shekara da kwana ɗayan, da ramin, da wutar da aka tsare masa. Na ce ba zai fitu ba, Inna.

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gidanmu.

Can ta ce, "Ka yi masa salla?"

Na ce na yi.

"Ita matar, tana zuwa wurinsa?"

Na ce duk Lahadi, Inna. Ita ke share wurin.

Ta ce, "To. Ka ce mata ba haka na so ba. Ka ce mata kuma na gode, Allah ya saka mata." Muryarta ta karye a nan, ta tsaya ta gyara. Na ɗauka ta gama, har na fara cewa sai an jima. Sai ta ce, "Sabi'u."

Na ce na'am.

"Kai kuma, a can inda kake, in mutuwa ta zo, wa zai sa ka? A ina?"

Ta jira, ta jira, sannan na ji ta miƙa wa Rabi wayar.

Satin da muka dawo Abu Nasir ya sabunta mini iƙama, takardar zaman ƙasar nan. Na sa hannu, har yanzu ban gaya wa Inna ba.